Jamsaran Mai Dabaibayi da Baƙon Dokinsa

Shigo, shigo, tsallake dokin ƙofa kada ka taka shi. Matso nan kusa da murhu ka zauna, ga shayi da madara da ɗan gishirinsa, karɓi da hannun dama. Ka ga tsohon dabaibayin can da ke rataye a jikin tanti, wanda fatarsa ta yi baƙi? Tun da ka zauna nake ganin idonka a kansa. To gyara zama, yau labarin mai shi zan ba ka.

Jamsaran sunansa, mutumin ƙasarmu ta Cahar, nan arewa da Babbar Ganuwar Sinawa. Gajere ne, ƙafafunsa a lanƙwashe kamar baka saboda zaman sirdi, in yana tafiya a ƙasa sai ka ce agwagwa. Ba shi da dukiyar a zo a gani. 'Yan tumaki ne, da goɗiyoyi kaɗan na tatsa, da raƙumi guda mai mugun hali. Abin da aka san shi da shi kuwa shi ne kitsa fata. Ya jeme ƙirgi da madara mai tsami, ya yanka shi siriri-siriri, ya kitsa ragama da linzami da dabaibayi. In Jamsaran ya kitsa maka dabaibayi, ka sa wa dokinka ka je ka yi barcinka, inda ka bar shi nan za ka same shi. Har waƙa matasa suka yi masa, wai ko iska ya ɗaure sai ta tsaya.

Yana magidanci da ƙarfinsa, suna zaune da matarsa Norjima, manzanni suka zo daga Beijin, birnin Sarkin Sinawa. Turawa sun fito ta teku da jiragen ruwa, suna nufin birnin Sarki, an ce kowane yanki ya ba da maza da dawaki. Ka san yadda yaƙinmu yake tun kakanni. Mutum ba komai ba ne in babu doki a ƙarƙashinsa. Doki ne ƙafarsa, shi ne garkuwarsa, shi ne mai kai saƙo, in dare ya yi sanyi a jikinsa ake fakewa. Dawakinmu ba a ɗaukar musu hatsi, da kofato suke tono ciyawarsu ko a ƙarƙashin ƙanƙara. Jamsaran ya ɗaura sirdi a kan jan dokinsa, ya rataya kwari da baka, Norjima ta yayyafa madara a likkafarsa, ya tafi.

A bakin wata gadar dutse kusa da Beijin aka haɗu. Shi kansa Jamsaran ba ya son ba da labarin ranar, sai an sha nonon goɗiya an matsa masa. Ya ce sun taso a sukwane, dubbai, ƙasa tana rawa, kowa ya kwanta a wuyan dokinsa. Sai igwa ta fara magana. Bayan igwa kuma ga wata irin wuta mai wutsiya da ke tahowa tana ƙugi, tana shiga tsakanin ƙafafun dawaki. Ya ce abin da har ya mutu bai manta ba, dawakin nan ba su san Sarki ba, ba su san Turawa ba, ba su san dalilin faɗan ba, amma da aka ce su koma sai suka koma, aka sake cewa su koma suka sake komawa. Kibiya ba ta kai inda harsashi yake kaiwa. Jan dokinsa ya faɗi a ƙarƙashinsa, shi kuma wani ƙarfe ya tsaga masa cinya.

Yana jan ciki cikin hayaƙi sai ya ga wani bidin doki tsaye. Duk dawakin da suka rasa mahayansu sun watse, wannan kuwa yana nan, jikinsa na ɓari, kunnuwansa a kwance, amma bai gusa ba. Mahayinsa na kwance a ƙasa, ya riga ya cika, linzami na naɗe a hannunsa. Jamsaran ya rarrafa ya rufe wa mutumin ido, ya warware linzamin daga yatsunsa, ya ce wa dokin, "Ɗan'uwa, naka ya tafi, nawa ya tafi. Ka taimake ni." Da ƙyar ya hau. Daga nan bai ƙara sanin inda kansa yake sosai ba. Ya dai san bidin ya fitar da shi daga wuta, ya haye ruwa da shi, ya bi sauran waɗanda suka tsira har bayan Babbar Ganuwa. In ya zame daga sirdi, dokin ya tsaya har ya farfaɗo.

Ranar da ya iso gida Norjima ta fito da gudu, ta dube shi, ta dubi dokin, hawaye na zuba amma bakinta bai mutu ba.

"Na aike ka da ja, ka dawo mini da bidi. Wannan baƙon fa, na wane ne?"

"Ban sani ba," in ji shi.

Ka san mu ba ma raɗa wa doki suna, da launinsa muke kiransa. Amma wannan kam, daga bakin Norjima sunan ya bi shi. Kowa sai ya ce Baƙo.

A cinyarsa ta hagu akwai tambarin wuta, jinjirin wata a kan kifi. Babu wanda ya san tambarin a duk yankinmu. Da Jamsaran ya warke, ya tafi da dokin wurin lama, malamin ɗakin bautarmu, ya ce yana so a keɓe shi ga Sama. Aka yi addu'a, aka zuba masa madara daga goshi har gindin wutsiya, aka ɗaura masa shuɗin ƙyalle a geza. Daga ranar ba mai hawansa, ba mai sayar da shi, ba mai aske masa geza. Sirdin mamacin kuwa, mai 'yan ƙusoshin azurfa, Jamsaran ya naɗe shi a bargo ya ajiye a ƙuryar tanti, wurin da ake ajiye abin girmamawa.

Sai dai akwai abu ɗaya. Dokin da aka keɓe sakinsa ake yi ya yi yawonsa. Baƙo kuwa ana sakinsa sai ya miƙe gabas, ba kiwo, ba waiwaye. Jamsaran ya bi shi ya kamo. Aka sake saki, ya sake miƙewa. Kowa ya san abin da ke nan, dokinmu ba ya manta inda uwarsa ta haife shi. Sai Jamsaran ya zauna ya kitsa dabaibayin da bai taɓa kitsa irinsa ba, ya yi masa shafi da gashin ɗan rago ta ciki don kada ya ci masa ƙafa, ya sa masa.

Norjima ta riƙe ƙugu. "Maigida, ka ba Sama doki, ka kuma riƙe ƙafarsa? Ita Saman da igiya ka ba ta shi?"

"Kyarketai za su cinye shi a hanya. Ko ɓarayi su kama."

"Uhm. Kyarketai."

"In na sami masu shi zan kai musu da kaina."

Kuma ba a ce bai nema ba. Duk ayarin da ya ratsa, na shayi ne ko na gishiri, sai Jamsaran ya tare madugu, su yi musayar 'yar kwalbar garin taba, ya tsuguna ya zana jinjirin wata da kifi a ƙasa. Wani ya ce ya taɓa gani a arewa, wani ya ce a'a, wancan kifi biyu ne. Amma Norjima ta ce ita ta lura, duk ranar da matafiyi ya ce bai sani ba, ranar mijinta ya fi cin tuwon gero da nama.

Haka aka yi ta tafiya kusan shekara ashirin. 'Ya'yansu suka girma suka kafa nasu tantunan. Baƙo ya zama kamar dattijon gari. Gezarsa ta yi tsawo har tana jan ciyawa. In za a yi tseren dawaki, mahaya sukan zo su shafa wuyansa don neman sa'a. Waɗanda suka rasa 'ya'ya a gadar nan, da ba su ga gawa ba ba su ga kabari ba, sukan zo da ɗan cuku a tafin hannu su ba shi, su tafi. Kowace safiya kuma, kafin ya sa baki a ciyawa, sai ya tsaya ya fuskanci gabas, ya daɗe.

Jamsaran yana da aboki, Balgan, wani ƙaton mutum mai baki, abokin wasansa tun suna yara. In Jamsaran ya ce, "Dubi, gida yake tunawa," sai Balgan ya kwashe da dariya.

"Kai gajere, gidan wa? Iska daga yamma take busowa, kowane doki baya yake ba ta. Je ka dubi raƙuminka ma, gabas yake kallo. Shi ma yaƙin ya je?"

Wata kaka, ciyawa ta fara ja, Balgan ya zo karɓar ragama. Ya tsaya wajen Baƙo, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya shafa haƙarƙarinsa. Wannan karon bai yi dariya ba.

"Jamsaran, tsohon nan ba zai ga sabuwar ciyawa ba. Haƙoran sun ƙare. Ina za ka kai kansa?"

Ka san al'adarmu. Dokin da ya yi wa mutum alheri ba a barin ƙoƙon kansa a ƙasa karnuka su ja. Hawa ake yi da shi kan tudu, a ɗora a kan obo, tarin duwatsun nan na mai tsaron wuri, kuma obon ƙasar da aka haife shi.

"Ga namu can," in ji Jamsaran.

"Namu bai san shi ba. Kai in ka mutu a kai ka cikin Sinawa a ajiye, ka yarda? Ya ɗauko ka ya kawo ka gidanku. Kai fa?"

Jamsaran ya juya. Ya shiga tanti ya zauna, ya ɗauki fata zai kitsa, ya ajiye. Norjima na dama shayi, ba ta ko dube shi ba ta ce, "Ka gama tambayar fatake. Saura mutum ɗaya da ya san hanya, shi ne ba ka taɓa tambaya ba."

Da safe ya ɗaura wa wata goɗiya sirdi, ya ɗora wa raƙumi guzuri da sirdin mamacin. Ya je ya durƙusa a gaban Baƙo. Shi da yake kwance ƙulli ido a rufe, ranar sai da ya daɗe yana fama. Da dabaibayin ya fita, dokin bai motsa ba. Ya ɗaga ƙafa ɗaya ya ajiye, kamar bai yarda ba. Ya sunsuni kan Jamsaran. Sannan ya juya ya kama hanyar gabas.

Norjima ta yayyafa madara a bayansu, ta ɗaga murya. "Kai tsoho! Kada ka dawo mini da wani baƙon kuma!"

Tafiya ce ta tsofaffi biyu. Baƙo a gaba, Jamsaran a baya, ba ragama ba igiya. In dokin ya tsaya kiwo a tsaya, in ya kwanta a sauke kaya. Jamsaran yakan tsinko ciyawa mai laushi ya daddatsa masa da wuƙa. Suka wuce tafkunan gishiri, suka ratsa tuddan yashi, suka shiga ƙasar da mutane ke magana da wani irin karin harshe. A wani mashigi dokin ya faɗi a cikin laka, Jamsaran ya shiga ruwan sanyi har ƙugu yana turawa yana zaginsa. "Tashi, ɗan banza! Igwa ba ta kayar da kai ba sai taɓo? In ka mutu a nan ina zan ce musu na kai ka?" Dokin ya yunƙura ya tashi.

Ƙanƙarar farko ta fara sauka ranar da suka hau wani tudu. A ƙasa ga kwari, ga rafi da itatuwa a bakinsa, ga tantuna uku da garken dawaki. Baƙo ya ɗaga kai ya yi haniniya, wata irin murya da Jamsaran bai taɓa ji daga gare shi ba, ya gangara da ɗan gudunsa na tsufa.

Jamsaran ya bi shi yana kira, "Ku riƙe karnukanku!"

Wani mutum ya fito, ƙaƙƙarfa, mai kamar shekara ashirin da 'yan kai. Maimakon gaisuwa sai ya zagaya dokin, ya share gashin cinyarsa da hannu, ya ɗago fuska a murtuke.

"Baba, wannan tambarin gidanmu ne. A ina ka samo dokinmu?"

"Ɗana, a bar ni in sauka tukuna."

"Sauka. Amma ka san abin da ake yi wa wanda aka kama da tambarin wani."

"Sanjai!" Wata tsohuwa ce ta leƙo daga tanti. "Tun yaushe ake tuhumar baƙo a kan sirdi? Ɓarawo ne zai kawo maka doki har ƙofa da ƙyalle a geza? Kauce."

Sunanta Udbal, uwar Sanjai. Ta tako a hankali har gaban dokin. Ta dube shi ta daɗe. Ta kama kunnensa na dama ta lanƙwasa, ga wata 'yar tsaga a bayansa. Sai ta tura fuskarta cikin gezarsa tana sunsuna, kamar yadda uwa ke sunsunar ɗanta da ya dawo daga tafiya.

"Ni na yi masa wannan tsagar," in ji ta. "Yana duƙushi uwarsa ta mutu, da ƙahon saniya na shayar da shi. Mijina Namjil ya hau shi ya tafi yaƙi, wannan yaron yana goye a bayana."

A cikin tanti, bayan an sha shayi an tambayi lafiyar dabbobi, Jamsaran ya warware bargo ya ajiye sirdin a gabanta. Ya faɗa musu abin da ya gani a bakin gada, bai ƙara ba bai rage ba. Ya ce mutumin a gaba-gaba ya faɗi, linzami na hannunsa, kuma dokinsa bai bar shi ba har sai da aka rufe masa ido. Sanjai, da bai san fuskar ubansa ba, ya ɗauki sirdin ya ɗora a cinya yana shafa ƙusoshin. Can ya tashi ya cika ƙwarya da nonon goɗiya, ya miƙa wa Jamsaran da hannu biyu, kansa a sunkuye.

Udbal ta ce, "Waɗanda suka dawo kowa da abin da ya faɗa mini. Wani ya ce an kama shi, wani ya ce ya gudu kudu ya yi aure. Ni dai na ce in yana da rai dokin zai kawo shi, in ya mutu dokin zai zo shi kaɗai. Da na ga shiru, sai na rasa wanda zan yi wa kuka." Ta dubi Jamsaran. "Me ya tsare shi haka?"

Jamsaran ya sa hannu a ƙirjin rigarsa ya fito da dabaibayin ya ajiye. Tsohuwar ta ɗauka, ta juya shi, ta shafa gashin ɗan ragon da ke ciki.

"Aikin hannunka ne?"

"Nawa ne, Iya."

"Ka iya ɗauri." Ta ajiye shi a gabansa. "Ka kuma iya riƙo. Doki ba ya kai waɗannan shekarun a hannun mugu. Ɗauki abinka, sha nononka."

Ya kwana biyu a wurinsu. Ranar da zai tafi Baƙo yana bakin rafi cikin garke. Jamsaran bai je wurinsa ba, ya ce in ya je ba zai iya hawa goɗiyarsa ba. Ya dawo gida cikin tsananin sanyi, ya rataye dabaibayin a inda kake ganinsa. Norjima ta ce duk hunturun nan, kowace safiya sai ya fita ya tsaya a inda dokin yake tsayawa.

Da ƙanƙara ta narke sai ga Sanjai a ƙofa, ya yi doguwar tafiyar nan da kansa. Balgan ma yana nan ana hira. Bayan gaisuwa Sanjai ya fito da damin gashin wutsiyar Baƙo, naɗe cikin shuɗin ƙyallen nan, ya miƙa wa Jamsaran.

"Baba, ya kusa ganin sabuwar ciyawa. A bakin rafi ya kwanta, bai ƙara tashi ba. Iya ta ce a kawo maka wannan, naka ne."

"Ya sha wahala?"

"A'a. Sai dai wani abu da ya ba mu mamaki. Kwanakin farko yana ta bin kwarin yana sunsuna ko'ina. Daga baya kuma, kowace safiya sai ya bar garke ya hau tudu ya tsaya yana kallon yamma. Iska na dukan fuskarsa, ƙanƙara na taruwa a girarsa, mu kora shi ya koma."

Norjima ta juya ta dubi Balgan. "To, sarkin sani, wannan kuma wace iskar yake ba wa baya?"

Balgan ya miƙe tsaye. Ya ce hayaƙin murhun nan ya yi yawa, ya fita.

"Kan fa?" in ji Jamsaran.

"Yana kan obonmu, a can sama. Ni na so in fuskantar da shi kwarin da aka haife shi. Iya ta ce a'a, a juya shi yamma."

Jamsaran ya kitsa gashin wutsiyar cikin igiyar da ake ɗaure duƙusai lokacin tatsa, don kowane ɗan doki na gidan ya fara sanin igiya a jikin Baƙo. Ya ci gaba da sana'arsa har idonsa ya raunana. Duk wanda ya zo sayen dabaibayi sai ya ce masa, "Na dare ne fa, da safe ka kwance." Kowace shekara kuma ranar bikin obo, in kowa ya zagaya ya jefa dutsensa, shi sai ya ware gefe ya yayyafa madara wajen gabas, ya ce ta Baƙo ce, da jan dokinsa, da duk waɗanda suka kwanta a bakin gada ba wanda ya ɗauki kansu. Har yau zuriyarsa suna yi, yaran ma da ba su san labarin ba sun san ana ba dawaki nasu rabon.

Balgan dai har ya mutu yana cewa da Jamsaran ya sani ya bar tsohon ya ƙarasa a inda ya saba. Norjima kuma ta ce tun shekarar farko ya kamata a kwance shi. Kawo ƙwaryarka in ƙara maka shayi. Kai da ka ji labarin daga farko, ina ne gidan Baƙo, inda aka haife shi ko inda ya juya yana kallo?